ƘWAYAR EFEDIRIN: MAGANI GA HANNUN LIKITA, GUBA GA HANNUN MAI TALLA

Jawabin da malamin makarantar garinmu ya yi ga babban taron ƙungiya, washegarin Babbar Salla. Mun buga shi nan saboda ƴan'uwa na nesa waɗanda ba su samu zuwa ba. Wanda ya iya karatu shi karanta wa wanda bai iya ba.



Mai girma maigari, malam liman, iyayenmu dattawa maza da mata, shugaban ƙungiya da mataimakanshi, ƴan'uwa da kunka zo daga Maraɗi, Yamai, Agadas, Kano, Legas da sauran wurare, muna gaishe ku, muna yi muku barka da Salla, da sannu da hanya. Muna roƙon iyayenmu gafara, don yaro ne zai yi magana gaban manya. Ba mu fi kowa sani ba. Ƙungiya ce ta ɗora mana wanga aiki, mu kuwa ba mu iya ƙi.

Abu biyu ne sunka sa munka roƙi a ba mu lokaci yau.

Na farko ya faru cikin aji. Wata safiya wani yaro ɗan aji shida ya kasa zama wuri guda, hannunshi na rawa har alli na faɗuwa, zufa na karyo mishi alhali kuwa lokacin ɗari ne. Munka ɗora hannu ga ƙirjinshi, sai munka ji zuciya na bugawa kamar kalangu. Da munka lallashe shi, sai ya fiddo wata ƴar takarda daga aljihu, da fararen ƙwayoyi ƙanana ciki. Ya ce: "Mushe, wana ne ya aike ni in sayo mishi, sai na haɗiye guda in ji abin da shike ji." Yaron shekararshi 12.

Na biyu kowa ya san shi, ba sai mun faɗi suna ba. Da daminar da ta wuce, lokacin maimai, wani saurayi da munka koya wa karatu da hannunmu ya faɗi cikin gonar da shike barema. Anka ɗauko shi bisa amalanke zuwa gidan likita, daga nan anka wuce da shi Dakoro. Allah ya yi da sauran kwana, amma ya dawo da baki a karkace, hannun dama da ƙafar dama ba su aiki. Da bakinshi ya gaya mana ƙwaya huɗu ya sha da safen nan, ya bi da shayi mai kauri, bai karya kumallo ba. Yau matarshi da ɗiyanshi biyu suna hannun tsohon da ya kamata a ce shi ake ciyarwa.

Mu ba likitoci ba ne, malaman makaranta ne. Don haka munka ɗauki ragowar kwalin ƙwayar munka kai wa majo, ya karanta mana, ya yi mana bayani, ya kuma ara mana littattafanshi na Faransanci. Abin da munka fahimta shi ne za mu mayar muku da Hausa.

1. MI NE NE EFEDIRIN, DAGA INA YA FITO?

Bisa kwali ana rubuta shi Ephedrine. Asalinshi wani ɗan tsiro ne mai siraran rassa kamar tsintsiya, wanda kusan ba shi da ganye, ana ce mishi efedira. Shina fitowa cikin busassun wurare na ƙasar Sin, su can suna kiranshi ma huwang. Masu maganin gargajiya na Sin sun daɗe ƙwarai suna dafa shi, tun shekaru kusan 2000 da sunka wuce ya shiga littattafansu, suna ba mai tari da mai fuka da wanda mura ta toshe wa hanci. Akwai danginshi cikin hamadar Aljeriya da Tunisiya, Larabawa na ce mishi alanda.

Cikin shekara ta 1885 wani masani ɗan Japan mai suna Nagai Nagayoshi ya tace tsiron ya fitar da sinadarin da ke aiki cikinshi, shi ne efedirin. A 1924 wasu masana biyu da ke aiki a birnin Pekin, Chen ɗan Sin da Schmidt ɗan Amurka, sunka bayyana wa duniya yadda shike aiki ga jiki. Daga 1926 anka fara sayar da shi don masu fuka, wato asma.

To, ku riƙe wanga: ƙwayar da ke zuwa kasuwanninmu ba dafaffen ganye ba ce. A masana'anta ake haɗa ta, mafi yawa ƙasar Indiya da Sin. In mai talla ya ce muku "ai na itace ne, ba shi da lahani", ku tambaye shi: zaƙami ba itace ba ne? Ba mu ga yadda shike haukata yaro ba? Wa ke ɗiga ruwan tumfafiya ga idonshi don ta fito daga ƙasa? Iyayenmu masu magani da ke zaune nan sun fi mu sanin kowace saiwa da awonta, in an wuce awo magani ya koma dafi.

2. AIKINSHI CIKIN JIKI

Kowa nan ya taɓa razana. Kana tafiya da dare ka taka abu mai laushi ka zaci kububuwa ce: nan take zuciya ta hau bugawa, ido ya buɗe, barci ya gudu, yunwa ta ɓace, ka ji za ka iya tsallake darni. Allah ya sa wa jiki wani ruwa da shike saki cikin jini lokacin haɗari, don mutum shi samu shi tsira. In haɗari ya wuce, jiki ya koma yadda shike.

Aikin efedirin shi ne tilasta wa jiki shi saki wanga ruwa alhali babu kububuwa. Zuciya ta ƙara sauri da ƙarfi, jijiyoyin jini su tsuke, jini shi hau, hanyoyin numfashi su buɗe, barci da yunwa su kau. Haka mutum zai zauna awoyi da dama cikin halin razana, har ƙoda ta fitar da maganin cikin fitsari.

Ga inda samarinmu ke ruɗuwa. Sun ce ƙwaya na ba da ƙarfi. Ƙarfi daga tuwo da fura da wake da nono shike fitowa, da barci. Cikin ƙwaya babu abinci ko na ƙwayar gero guda. Ku dubi bijimin da ke jan guga ga rijiyoyinmu masu zurfi. In ya gaji ya tsaya, kana iya ba shi harawa da ruwa shi huta, kana kuma iya zabga mishi bulala. In ka sa bulala zai ja, gaskiya ne, har shi yi sauri. Amma wa ya taɓa ganin bijimin da bulala ta ƙosar? Ka yi haka kwana uku, rana ta huɗu sai ka nemo mahauci. Ƙwaya bulala ce, zuciyarka kuwa ita ce bijimin. Gajiya saƙo ce da jiki ke aiko maka cewa a dakata, ƙwaya kuma tana tare ɗan aiken ne bisa hanya.

Wani abu kuma da likitoci sunka tabbatar: in ana shan efedirin a kai a kai, aikinshi raguwa shike yi, don ruwan nan da jiki ke ajiyewa ya yi ƙasa. Shi ya sa wanda ya fara da guda ɗaya, kafin damina ta raba sai ka gan shi da uku ko huɗu. Ƙarfin da shike nema ba ya ƙaruwa, amma wahalar zuciya tana ƙaruwa.

3. AMFANINSHI GA HANNUN LIKITA

Kada mu yi wa magani ƙarya. Efedirin na da amfani babba, kuma akwai mata cikin garin ga da ya taimaka aka ceci ransu ba su ma sani ba.

In haihuwa ta gagara anka kai mace asibiti za a yi mata aiki a ciro ɗa, sau da yawa allura ake yi mata ga ƙashin baya, ƙasan jiki shi mutu, ita kuwa idonta biyu. Wagga allura tana sa jini shi faɗi ƙasa farat ɗaya, abin da ke iya cutar da uwa da abin da ke cikinta. Nan ne mai ba da maganin barci ke sa mata efedirin ta jijiya don jini shi dawo daidai. Saboda haka ne Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda muke kira OMS, ta sa allurar efedirin cikin jerin magungunan da bai kamata asibiti shi rasa ba. Kwalbar ƴar ƙarama ce, miligiram 30 ke ciki. Ku kuma lura da yadda ake ba da ita: ba a juye kwalbar gaba ɗaya, ana sirka ta, a sa miligiram 3 zuwa 6, a auna jini, a jira ƴan mintoci, sannan a ga ko za a ƙara. Mutum na tsaye ga kan matar da abin awo ga hannunta. Ku gwada wanga da saurayin da ke watsa ƙwaya huɗu baki cikin gona, ba mai awo sai rana.

Ana kuma sa shi cikin wasu magungunan ɗigawa a hanci don buɗe shi lokacin mura. Su ma kwanaki kaɗan ake yi, ba a wuce mako guda, in an wuce hancin ya ƙara toshewa fiye da da. Ba a ɗiga wa jarirai da ƙananan yara.

Game da fuka kuwa, dā shi ne magani, amma an samu wanda ya fi shi. Tun wajen 1969 anka fito da salbutamol, wanda kunka fi sani da Ventoline, wanda ake shaƙa. Shina buɗe ƙirji da sauri, kuma wahalar da shike ba zuciya ba ta kai ta efedirin ba. Mai fuka shi je likita a duba shi, shi bar sayen ƙwaya ga tebur.

4. LAHANINSHI

Mu fara da ƙanana, waɗanda mai sha ke gani da kanshi: rawar hannu, ciwon kai, bushewar baki, faɗuwar gaba, rashin barci, saurin fushi, rama. Uwaye, in kun ga ɗanku ya bar cin tuwo, ya kwana shina juyi, magana kaɗan ya hau faɗa, kada ku tsaya ga cewa sammu ne. Ku duba aljihu.

Sannan manya:

Hawan jini, wato tansiyo. Jinin mai lafiya wajen 12 bisa 8 shike, in ya kai 14 bisa 9 ya zauna nan, likita na cewa ya hau. Hawan jini ba ya sallama, mutum na iya yawo da shi shekaru bai sani ba. Wanda ke da shi ya ƙara da ƙwaya, kamar wanda ya ɗaure bakin salka ne shina ƙara ɗura ruwa. In jijiya ta fashe ko ta toshe cikin ƙwaƙwalwa, shi ne shanyewar ɓarin jiki, wadda muke cewa iska ta buge shi.

Ciwon zuciya. Zuciyar babba in shina hutawa tana bugawa sau 60 zuwa 100 cikin minti guda. Ƙwaya na iya sa ta wuce haka, ko ta rikice ta bar bugawa daidai, ko ta tsaya, ko da mutum saurayi ne.

Bugun zafi. Wanga ya fi shafarmu. Efedirin na ƙara zafin jiki, shina tsuke jijiyoyin fata da jiki ke fitar da zafi ta cikinsu, shina kuma hana mutum jin gajiyar da za ta kai shi inuwa. Ƙasarmu kuwa da bazara zafi na wuce digiri 40. Mai haƙar rijiya, mai tonon zinariya, mai noma da tsakar rana, duka suna bakin rami.

Taɓin hankali. Wanda ya daɗe shina sha da yawa ba ya barci, shina iya fara jin muryoyi, shi ga kamar ana binshi, shi zargi matarshi da ƴan'uwanshi. Akwai kuma wanda ke faɗuwa shina jijjiga kamar mai farfaɗiya.

Riƙewar fitsari. Iyayenmu maza, wanga naku ne, ku gafarce mu. Dattijon da fitsari ya fara yi mishi wuyar fita, in ya sha efedirin, ko maganin mura mai ɗauke da shi ko da ƙanenshi da ake kira sudo-efedirin, fitsarin na iya tsayawa cak, sai an sa mishi roba a asibiti.

Mace mai ciki da mai goyo kada su kusance shi sai da umurnin likita, don shina shiga nono, jariri shi kasa barci shi yi ta kuka. Haka mai ciwon suga, mai ciwon zuciya, da mai ciwon hawan ruwan ido.

Abin da ke ƙara tsananta lahani shi ne haɗi. Goro, shayi, Nescafé da lemunan gwangwani da ake cewa na ƙarin kuzari duka suna ɗauke da kafeyin, shi ma mai zaburar da zuciya ne. Goro guda bayan abinci bai kashe kakanninmu ba, amma ƙwaya da shayi mai kauri bisa cikin da babu komi, bulala biyu ce ga bijimi ɗaya. Wasu kuma in dare ya yi barci ya ƙi zuwa, sai su nemi diyazefam su kwanta, da safe su nemi efedirin su tashi, in jiki ya yi tsami su ƙara da taramol. Kowanne da irin aikinshi, kowanne da irin dafinshi, jiki guda kuwa ke ɗauka.

5. GANI GA WANE

Kada ku zaci mu talakawa kaɗai abin ya sama. Masu bin ƙwallo sun tuna gasar kofin duniya ta 1994 a Amurka. Ran 25 ga watan Yuni, Ajantina ta ci Najeriya 2 da 1. Bayan wasan anka auna fitsarin Maradona anka samu efedirin. Anka kore shi daga gasar, anka dakatar da shi wata 15, kuma bai sake buga wa ƙasarshi ba.

Cikin shekarun 1990 mutanen Amurka sunka ruɗu da ƙwayoyin efedira da ake sayarwa da sunan maganin ganye. Su can suna sha don su rame, mu nan da ba mu da tsokar ragewa muna sha don noma. A shekara ta 2000 wasu likitoci biyu, Haller da Benowitz, sunka bi rahotanni 140 na mutanen da sunka samu matsala bayan sha. Cikin waɗanda ake ganin da hannun efedira, mutum 10 sun mutu, 13 sun naƙasa har abada. Wani bincike da ya fito a 2003 ya nuna efedira bai kai kashi 1 cikin 100 na cinikin magungunan ganye na ƙasar ba, amma shi ke da kashi 64 cikin 100 na ƙorafin cutarwa da aka samu daga irin waɗanga magunguna. Cikin watan Fabrairu na 2003 wani ɗan wasa mai suna Steve Bechler, ɗan shekara 23, ya faɗi wurin horo a jihar Filorida, zafi ya buge shi, ya mutu, anka samu efedirin cikin jininshi. A 2004 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta hana sayar da waɗanga ƙwayoyi na ganye. Faransa ta riga ta hana efedira tun 2003, kuma daga watan Disamba na 2024 ta ce ƙwayoyin mura masu sudo-efedirin ba a sayar da su sai da takardar likita.

To jama'a, mutanen da ke cin nama kullum, da asibiti a bakin ƙofa, sun ji tsoron abin ga. Ina ga wanda ya kwana da fura, kuma tsakaninshi da Maraɗi tafiyar sama da kilomita 100?

6. GA ƳAN'UWA MASU CIN RANI

Ku ne gatan garin ga. Da kuɗinku anka gyara rijiya, da su anka rufe aji biyu da kwano. Mun san wahalar da kuke sha: dako a tashoshin Kano, kabu-kabu dare da rana, gadi a Legas, ramukan zinariya na Jado da Cibarakaten tun 2014, da na wajen Ɗan Isa da sunka buɗe a 2021. Mun san mai rami da mai mota ba su son jin "na gaji". Ba mu zo mu kunyata kowa ba. Amma ga abu uku.

Na ɗaya: ƙwayar da ake ƙirgawa a tafin hannu, ba kwali ba suna, ba wanda ya san abin da ke cikinta, har mai sayarwar. Ta sha rana bisa tire wata da watanni. Ko mai kwali ma ana yin jabu. Manya sun tuna annobar sanƙarau ta 1995, lokacin da allurar rigakafi ta jabu ta shigo ƙasar ga, anka yi wa dubban mutane ita alhali babu magani ciki. In an iya yin jabun allurar rigakafi, ina ga ƙwayar tasha? Haka nan duk wani dafaffen shayi na ƙarfi da ake sayarwa a tasha, abin da mai tukunya ya ƙara ciki shi kaɗai ya sani.

Na biyu: doka. Da efedirin ake haɗa wata muguwar ƙwaya da ta fi shi haɗari nesa ba kusa ba, ana ce mata metamfetamin. Shi ya sa yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1988 ta sa shi cikin kayan da ake sa wa ido tsakanin ƙasashe. A Najeriya hukumar NDLEA ta gano wurin dafa ta na farko a Legas cikin 2011, a 2016 kuma ta kama wani babba a Asaba, har da mutanen Meziko ciki. Nan gida an yi dokar yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 1999, akwai kuma ofishin ƴan sanda na musamman, OCRTIS, da ke farautar masu safara. Don haka in wani ya ba ka ƙulli a tasha ya ce "kai wa wane", buɗe ka gani gabanshi. In an kama, wanda kaya ke hannunshi shi ne mai kaya.

Na uku: ƙannenku ku suke kallo. Yadda kunka sa hula haka suke sawa. In ka dawo da rediyo da atamfa da sabulu, ka yi tsaraba. In ka dawo da ƙwaya ka zauna fada kana rabawa, ka shuka abin da ɗanka zai girba.

7. ƊAN LISSAFI

Malami ba ya tashi bai ba da lissafi ba. A ce ƙwaya guda dala biyar ce. Mai shan huɗu kullum ya kashe dala ashirin. Cikin kwana 30 ya kashe jika 3. Cikin wata 12 ya kashe jika 36, ban da shayi da sukari da taba. Kowa shi auna da kanshi tiya nawa ta gero ke cikin jika 36, ko littafi da alƙalami na ɗiya nawa. Sannan a ƙara kuɗin mota zuwa asibiti, da akuyar da za a sayar, da gonar da za ta kwana ba noma. Araha ba ta ado.

8. IN WANI YA FAƊI

In mutum ya faɗi cikin rana, jiki ya yi zafi rau, ya ruɗe: a kai shi inuwa, a sassauta tufafi, a zuba mishi ruwa ga jiki, a yi ta fifita. In shina cikin hankalinshi a ba shi ruwa kaɗan kaɗan. In ya suma kada a ɗura mishi komi, a kwantar da shi bisa haƙarƙari.

In baki ya karkace, ko hannu ɗaya ya saki, ko magana ta sarƙe, ko ƙirji ya riƙe da ciwo mai tsanani: kada a jira gobe, kada a tsaya turare da tsaga. A nufi gidan likita nan take. A tafi da ragowar ƙwayar, a kuma gaya wa majo gaskiya, nawa ya sha, da wane lokaci. Ɓoye wa likita ɓoye wa kai ne.

Wanda ya yi niyyar bari shi sani kwanakin farko zai ji kasala, da barci mai yawa, da yunwa, da baƙin rai. Bashin da ya ci ne jiki ke karɓa, kuma zai wuce. A ba shi abinci, a bar shi shi yi barci, kada a yi mishi gori. Wanda ya haɗa da taramol ko diyazefam ya daɗe, shi je wurin majo a nuna mishi yadda zai rage sannu sannu, don yankewa farat ɗaya na da nata haɗari.

9. ABIN DA MUKE ROƘON ƘUNGIYA

Mun san dalilin da ke kai samari ga ƙwaya. Damina gajera ce, ciyawa ba ta jira, hannuwa sun yi kaɗan don rabin majiya ƙarfi na waje. Faɗa kaɗai ba zai raba su da ita ba. Saboda haka ga shawarwarinmu, taro shi duba:

Ɗaya. Mai gona da ya ɗauki ƴan barema shi ba su fura da ruwa da hutun tsakar rana. Kada shi ba su ƙwaya, kada shi jefa ta cikin shayinsu. Wanda anka samu ya yi haka, a kai maganar gaban maigari.

Biyu. Kada a sake aiken yaro sayen ƙwaya. Mu malamai za mu yi darasi bisa wanga cikin aji biyar da aji shida.

Uku. A maido da gayya, musamman ga gonakin tsofaffi da na matan da mazansu ke cin rani. Iyayenmu sun nome gonakin ga da ganga da fura, ba da ƙwaya ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Huɗu. Ƙungiya ta sayi abin awon hawan jini daga asusunta, a roƙi majo shi koya wa mutum biyu aiki da shi. Duk wanda ya kai shekara 40, da duk wanda ya dawo daga cin rani, a auna shi.

Biyar. Magani a saye shi farmasi ko gidan likita. Maigari da dattawa su kira masu tallar magani da ke shigowa ran kasuwa su yi musu magana.

Shida. A buɗe taimako na musamman don gidan ɗan'uwanmu da ke kwance. Mun sa namu ga hannun ma'aji tun da safe.

Iyayenmu, abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba ya ganinshi. Maganarku ta fi tamu nauyi cikin gidaje. Ku kira ɗiyanku gefe ku tambaye su da lalama, tun ice na ɗanye.

In mun yi kuskure a gyara mana, in mun ɓata wa wani rai shi yafe mana. Allah shi ba marasa lafiyarmu sauƙi, shi ba mu damina mai albarka, shi mai da matafiya masaukinsu lafiya.